Yadda ake auna iska a ƙafafun gaban babur na tsere



Kowa ya san ana sa wa taya iska. Mai keke ya sani. Mai amalanke ya sani. Ɗan kabu-kabu ma ya sani. Amma akwai wani irin babur da ake sa wa iska a wani wuri dabam. Ana sa masa iska cikin ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba. A kan wannan iska za mu yi magana yau. Za mu ga amfaninta. Za mu ga yadda ake auna ta. Za mu kuma ga abin da ke faruwa in ta yi yawa, ko in ta yi kaɗan.

Wane irin babur ne wannan?

Babur ne na tsere. Sunan tseren motokuros. An fara shi a ƙasar Ingila a shekarar 1924. A shekarar 1957 aka soma gasarsa ta duniya. Ya fi ƙarfi a Turai da Amurka. Yawancin baburan kuwa a Japan da Turai ake ƙera su.

Ba a kan gudoro ake yin wannan tsere ba. Fili ake samu a kewaye shi. A cikin filin akwai tudu, akwai kwari, akwai yashi, akwai laka. Mahaya su yi ta zagayawa. A gasar duniya, kowane tsere minti 30 ne, sannan a ƙara zagaye 2. In mahayi ya hau tudu da gudu, sai babur ya tashi sama, wani lokaci ya fi tsayin ɗaki. Sannan ya diro.

Manya daga cikinku za su tuna da tseren Paris-Dakar, wanda ya ratsa Agadas da Yamai a shekarar 1979. Wancan tseren doguwar tafiya ne, ba na zagaye ba, kuma ya bar Afirka tun shekarar 2009. Amma duk wanda ya ga baburan nan masu tsawo, to ya ga dangin babur ɗin da muke magana a kansa.

Mene ne ƙafafun gaba?

Ku dubi kowane babur ta gaba. Za ku ga bututu biyu na ƙarfe sun sauko daga wajen da ake riƙewa. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Tayar gaba tana tsakaninsu. Su ne muke kira ƙafafun gaba. Masu Faransanci suna ce musu fursh. Masu Turanci suna cewa fok.

Kowace ƙafa bututu biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. In taya ta bugi dutse, ƙaramin bututun ya shige cikin babban. In an wuce dutsen, ya fito. A babur ɗin motokuros, wannan shiga da fita tana kai santimeta 30. Wato tsawon abin ja layi na ƴan lakkol.

In ka diro daga kan amalanke, yaya kake yi? Kana lanƙwasa gwiwa. In ka diro da ƙafa a sandare, har cikin ƙwaƙwalwarka za ka ji. To, ƙafafun gaba su ne gwiwar babur.

Abu biyu ne ke aiki a cikinsu. Na farko sifirin, wato ƙarfen nan mai murɗi wanda in an danna shi yake dawowa. Wasu makanikai suna ce masa resor. Shi ke ɗauke da nauyi. Na biyu mai. Man yana bi ta ƙananan kafofi, yana hana ƙafa shiga ko fita da garaje.

Iska a madadin sifirin

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi. Ka ɗauki famfon keke. Ka toshe bakinsa da ɗan yatsa. Ka danna. Da farko zai shiga da sauƙi. In ka ci gaba sai ya yi tauri. In ka saki, sai ya dawo da kansa. Iskar da ka tsare a ciki ita ta tura shi.

Dalili shi ne wannan: in aka matse iska ta koma cikin rabin wurin da take, ƙarfinta yana ninkawa biyu. Ke nan iskar da aka tsare tana iya yin aikin sifirin. Masu ƙera babura suka ce, to me zai hana a cire sifirin, a sa iska?

Sun ga riba biyu. Ta farko, babur yana rage nauyi, wajen kilo 1. Ta biyu ita ce babba. In sifirin bai dace da nauyin mahayi ba, sai an kwance ƙafa, an sayi wani, an sa. Iska kuwa da ɗan famfo ake ƙara ta ko a rage ta, cikin minti 2.

Kamfanin Yamaha ya gwada haka a shekarar 1976, amma bai daɗe ba ya bari. A shekarar 2013 Honda da Kawasaki suka fito da manyan baburansu na tsere da ƙafafu masu iska, ƙirar kamfanin Kayaba. A 2015 kamfanin Showa ya kawo wata ƙafa mai ɗakunan iska 3, kowane da nasa awo. A 2016 kamfanin KTM na ƙasar Ostiriya ya sa tasa, ƙirar WP, mai suna AER 48. Ita wuri ɗaya tak ake sa mata iska.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Mahaya da yawa sun gaji da awo kullum. Saboda haka Honda ta mayar da sifirin a babban babur ɗinta a 2017. Suzuki ta bi a 2018, Kawasaki a 2019. KTM kuwa ya ci gaba da iska shekaru da yawa bayan haka. Baburan da aka yi da ƙafa mai iska suna nan da yawa a hannun mutane. Duk wanda ya mallaki ɗaya, da duk makaniken da aka kawo wa ɗaya, tilas ya san awo.

Mu koyi lambobin awo

Hatsi da tiya ake aunawa. Esansi da lita. Ƙarfin iska kuwa da bar. Amurkawa suna da nasu ma'auni, ana rubuta shi psi. Bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi.

Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗan wani abu. Tayar babur ɗin motokuros tana ɗaukar wajen bar 1. Ƙafar WP kuwa tana ɗaukar fiye da bar 10. Kun ji, ta ninka ta taya sau 10.

A fuskar famfo za ka ga lamba kamar haka: 10.6. Ana karanta ta goma da ɗigo shida. A littafin Faransanci waƙafi ake sawa a wurin ɗigon: 10,6. Duk ɗaya ne. Ka lura da ɗigon nan ƙwarai. 10.6 dabam, 1.06 dabam.

Kowace ƙafa da nata awo. Ƙafar Kayaba ta 2013 bar 2 da ɗan wani abu take so, kuma ƙafa biyun duka ake sa wa iska daidai wa daida. Ƙafar WP kuwa ta hagu kaɗai ke da iska. Ta dama aikin mai take yi. In ka ɗauki awon wannan ka sa wa waccan, ka yi ɓarna. Saboda haka abu na farko shi ne ka buɗe littafin da ya zo da babur, ka nemi lambar da aka rubuta.

Yadda ake awo

Bari mu ɗauki ƙafar WP ta zama misalinmu. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Na ɗaya. Ka kashe babur, ka bar shi a inuwa ya huce. Kada ka auna sai ya yi aƙalla minti 5 a kashe.

Na biyu. Ka ɗora babur bisa abin ɗagawa, har tayar gaba ta bar ƙasa. Wannan wajibi ne. In taya tana ƙasa, nauyin babur yana danne ƙafa, iska ta matsu, famfo ya nuna lambar da ta fi gaskiya yawa.

Na uku. Ka share saman ƙafar hagu da tsumma mai tsabta. Akwai ɗan murfi a nan. Ka cire shi. Za ka ga bawul irin na taya.

Na huɗu. Ka ɗauko famfon ƙafa. Ƙaramin famfo ne na hannu, mai fuska da ke nuna lamba. Ka murɗa bakinsa a kan bawul har ya zauna sosai.

Na biyar. Ka karanta lamba. Za ka ga ta ɗan ragu a kan wadda ka bari jiya. Kada hankalinka ya tashi. Iska ce ta fito daga ƙafa ta cika tiyon famfo.

Na shida. In lamba ta yi ƙasa, ka buga famfo. In ta yi sama, akwai ɗan maɓalli a jikin famfo, ka danna shi a hankali, iska ta ragu. Ka tsaya daidai kan lambar da kake so.

Na bakwai. Ka kwance famfo. Za ka ji ɗan huci. Iskar tiyo ce ta fita, ta cikin ƙafa tana nan. Ka mayar da murfi.

Na takwas. Ka ɗauki kaye da bik. Ka rubuta ranar, da lokacin, da lambar, da irin filin da za ka hau. Magana zarar bunu ce, abin da aka rubuta shi ke zama.

Ana yin wannan awo duk ranar da za a hau babur.

Gargaɗi biyu

Kada ka kuskura ka kai ƙafar nan wurin mai facin taya, ya sa mata iska da babban injinsa. Ɗakin iskar da ke cikin ƙafa ƙarami ne ƙwarai. Injin ba ya sa iska kaɗan-kaɗan, kuma yakan turo ruwa da datti. Ƙafa mai son bar 2 da ɗan wani abu, kafin ƙiftawar ido ya wuce da ita iyaka, zoben robar da ke ciki ya lalace.

Hakanan, kada ka kwance kan ƙafa alhali da iska a ciki. Bar 10 ba abin wasa ba ne. Murfi yana iya fita da ƙarfi ya sami fuska ko ido. Makanike ya fara sakin iska duka, ya ga famfo ya nuna sifiri, sannan ya ɗauki kayan aiki. Ku da kuke da yara masu koyon aiki a gareji, ku faɗa musu wannan.

Zafi yana canza awo

Ga babban abin da ya raba iska da sifirin. Sifirin ƙarfe ne. Yadda yake da safe haka yake da rana. Iska kuwa in ta ji zafi sai ta ƙara ƙarfi. In ta ji sanyi sai ta rage. Yaran da ke barin ƙwallo a rana sun san haka, domin yakan yi tauri.

Ga lissafin. A ce ka auna da sassafe, zafi yana digiri 20, ka sa bar 10.6. Ka bar babur a rana har ƙafa ta kai digiri 40. In ka sake aunawa za ka sami wajen 11.4. Ba wanda ya taɓa famfo, amma an sami ƙarin 0.8. Wato kowane digiri 5 yana kawo ƙarin wajen 0.2.

Wannan magana ta fi shafar ƙasa mai zafi irin tamu. A Maradi ko Tawa ko Damagaram, da safiyar lokacin ɗari zafi yakan sauka wajen digiri 15. Da rana a bazara yakan wuce 40. Mai irin wannan babur a nan, in ya auna da asuba ya hau da azahar, to ba da awon da ya sa yake tafiya ba. Maganin abin shi ne ya auna dab da zai hau, a inuwa, babur a huce. In yini ya yi nisa, ya sake aunawa. Wanda ya auna yau a sanyi, gobe a zafi, lambobinsa ba za su koya masa komi ba.

In iska ta yi kaɗan

Gaban babur zai sunkuya. In ka taka birki, ya nutse. In ka diro daga tudu, ƙafa ta shige har ƙarshe, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Za ka ji bugun a wuyan hannu. A cikin yashi tayar gaba za ta riƙa nitsewa, ta karkace ba zato. Nan ne mahayi ke tashi ta saman babur ya faɗi ta ka. Karayar ƙashin wuya da ta hannu ta irin wannan faɗuwa take zuwa.

Akwai wani abin da ke ruɗin mutane. Mahayi ya ji ƙafa tana dukan hannunsa, sai ya ce ta yi tauri, ya rage iska. Sai abin ya ƙaru. Me ya sa? Ku tuna da famfon keke. Farkonsa taushi, ƙarshensa tauri. In iska ta yi kaɗan, ƙafa tana zama can ciki, wajen da ya fi tauri. A nan ƙari take so, ba ragi ba.

In iska ta yi yawa

Gaban babur zai ɗaga. Ƙafa ba za ta shiga yadda ya kamata ba. Taya ta riƙa tsalle a kan ƙananan duwatsu da gargada, maimakon ta lafe a ƙasa. A kwana, babur ya ƙi juyawa, tayar gaba ta zame waje. Hannuwan mahayi su gaji da wuri, su ƙage, har ya kasa kama birki.

Yaya za ka san ka dace?

Ido ba ya ganin cikin ƙafa, amma akwai dabara. Ka ɗaura ɗan siririn zoben roba a kan bututun nan mai sheƙi. Wasu baburan suna zuwa da shi. Ka tura shi har ya taɓa bakin babban bututu. Ka hau, ka yi zagaye uku ko huɗu, ka bi ta tudun da ya fi girma. Ƙafa za ta tura zoben zuwa iyakar inda ta kai, ta bar shi can.

Ka sauka ka duba. In zoben ya tsaya saura kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu ya kai ƙarshe, ka dace. In ya manne a ƙarshe kowane zagaye, ka ƙara iska. In ya tsaya nesa, ka rage.

Nawa za ka ƙara? 0.2 kawai. Ka hau ka gwada. In bai isa ba ka ƙara wani 0.2. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma kada ka wuce iyakar sama ko ta ƙasa da aka rubuta a littafi.

Lambar da ke cikin littafin KTM an yi ta ne domin mahayi mai nauyin kilo 75 zuwa 85, sanye da hular kwano da takalma da duk kayan kariya. Wanda ya fi haka nauyi zai ƙara. Wanda bai kai ba zai rage. Filin yashi mai zurfi yana son ɗan ƙari, don gaba ya ɗaga. Ranar laka ma haka, domin laka tana mannewa ta ƙara wa babur nauyi. Ƙasa mai tauri da santsi tana son ɗan ragi.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya

A jikin ƙafa akwai ƴan maɓallan murɗawa da ke buɗe kafar mai ko su tsuke ta. Su ke sa ƙafa ta shiga ko ta fito da sauri ko a hankali. Ba su ɗauke nauyi. Iska ce ke ɗauke nauyi. Saboda haka ka fara daidaita iska tukuna, sannan ka taɓa su. In ka canza iska da mai lokaci guda, ba za ka san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Ka kuma duba baya. In mahayi ya zauna, bayan babur ya kamata ya sauka wajen santimeta 10 da rabi. In baya ya sauka da yawa, gaba zai ɗaga. In bai sauka ba, gaba zai sunkuya. Sai ka yi ta zargin iska alhali laifin yana baya.

Wata iskar da ba a so

A saman kowace ƙafa akwai wani ɗan ƙaramin sukuru. Kada ka haɗa shi da bawul. Aikinsa dabam. Yayin da ake gudu, wata iska takan taru a babban bututu, wajen da mai yake. Wannan iska ba a bukatarta, tana sa ƙafa tauri. Ka ɗaga tayar gaba, ka sassauta sukurun da turnabis, ka ji ɗan huci, ka mayar ka ɗaure. Baburan motokuros masu sifirin ma suna da wannan sukuru, kuma haka ake yi musu.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, balle lokacin hunturu. Tana mannewa a bututu mai sheƙi, ta shiga ƙarƙashin zoben roba, ta ci shi. Sai mai ya soma zuba. In man ya sauka kan birkin gaba, birki ba zai kama ba. A ƙafar Kayaba ta 2013 abin ya fi haka, domin in wannan zobe ya lalace iska ma tana iya gudu, gaba ya zube. Saboda haka ka share bututun bayan kowane hawa.

To, mu da baburanmu na yau da kullum fa?

Baburan da muke zuwa kasuwa da gona da su sifirin da mai ne a ƙafafunsu. Ba su da bawul, ba a sa musu iska. Kada wani ya ji wannan magana ya je ya huda ƙafar babur ɗinsa. Abin da ya shafe mu shi ne mu duba ko mai yana zuba, mu share ƙura, mu kuma auna iskar taya da ma'auni, taya a huce. Danna taya da ɗan yatsa ba awo ba ne.

Abin da za mu riƙe

Ka nemi lamba a littafin babur. Ka auna duk ranar hawa, babur a huce, tayar gaba a sama. Ka yi aiki da ƙaramin famfo kaɗai. Ka canza 0.2 a lokaci guda. Ka rubuta a kaye.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tsakaninku. Me ya sa ake ɗaga tayar gaba kafin a auna? In an sa bar 10.6 a digiri 20, nawa za a samu in zafi ya kai digiri 30? Me ya sa ƙafar da iskarta ta yi kaɗan takan yi kamar ta yi tauri?

Ku rubuta amsoshinku, mu haɗu a mako mai zuwa.